Tikiti Ɗaya Ga Yaya Ammon

"Ba zan je ba, Kendall."

Kendall ya ajiye ambulan ɗin da yake liƙewa, ya ɗago yana murmushi don ya ɗauka wasa take yi. Ragowar katunan gayyatar aurensu ne baje a kan teburin, saura kwana ashirin da uku.

"Ina ne ba za ki je ba? Wurin ɗaurin auren? To ni kaɗai zan auri kaina?"

"Buɗe fim ɗin Babanka. Ranar Asabar. Ba zan shiga ba."

Nan take murmushin ya ɗauke.

"Haba Janae, haba zuciyata... wace irin magana ce wannan? Mama har riga ta saya miki. An liƙa sunanki a jikin kujera kusa da tata, a layin gaba!"

"Na sani."

"Kin sani? To me ya faru? Ko ke ma 'yan intanet ɗin nan sun hure miki kunne?"

Janae ta buɗe jakarta ta ciro wani tikiti mai ruwan zinariya da 'yar takarda a naɗe, ta tura su gabansa.

"Yaya Ammon ne ya kawo mini da safe. A cikin katin gayyatarsa ya same su."

A garinsu Provo ko yaro ya san ambulan ɗin biki iri biyu ne. Wanda zai shiga haikali, keɓaɓɓen ɗakin ibadar cocinsu, ya ga ɗaurin aure, ana saka masa wani ɗan ƙaramin farin kati mai ɗauke da lokaci, kuma ba ya samuwa sai ga mai takardar shaida daga shugabannin coci. Wanda ba shi da ita, ko shi ya haifi amarya, a waje zai tsaya a kan ciyawa, ya riƙe wa mutane rigunan sanyi da jarirai, in an fito a yi hoto da shi. Ammon ya daɗe da sanin a wajen zai tsaya. Bai taɓa ƙorafi ba, har tsokanarta yake yi cewa shi ne zai zama shugaban masu riƙon jarirai.

Mahaifiyar Kendall, wadda 'yan coci ke kira Sista Mecham, ita ta liƙe ambulan ɗin dangin amarya a makon jiya. Mace ce mai saurin hawaye, ba ta iya ganin rami ba ta cike shi ba. Da ta zo kan na Ammon ta ga babu ƙaramin katin, sai tausayi ya kama ta, ta saka masa tikitin fim ɗin mijinta a madadinsa. Garin neman gira ta rasa ido.

Kendall ya warware takardar ya karanta rubutun mahaifiyarsa: "Tunda can ba zai yiwu ba, ka zo nan ka zauna tare da mu."

"To mene ne laifi a nan? Da zuciya ɗaya ta yi!"

"Na san da zuciya ɗaya ta yi. Shi ne ma ya fi ciwo. Ƙirga tikitin, Kendall."

"Ɗaya ne mana..."

"Ɗaya. Shekara goma yana tare da abokin zamansa Curtis, ko sunansa ba a rubuta a bayan ambulan ba. Kuma a rasa inda za a gayyace shi sai fim ɗin mutumin da yake bin gari gari yana cewa kada doka ta bar irinsu su yi aure?"

"Mutumin nan ubana ne!"

"Shi kuma yayana ne!"

Kowa ya tsaya yana huci. Tun da suka fara soyayya shekara biyu da suka wuce, wannan ne karo na farko da suka ɗaga wa juna murya.

Wanda bai san gidan su Janae ba zai ce ta cika zafin kai. Tana da shekara goma sha ɗaya mahaifiyarsu ta rasu, uban kuwa tun tana goye ya kama gabansa. A lokacin Ammon yana da sha tara, ya riga ya haɗa akwatinsa zai tafi wa'azin shekara biyu kamar sauran samarin cocinsu. Ya zazzage akwatin, ya nemi aiki a garejin gyaran motoci, ya riƙe ƙanwarsa. Shi ya koyi yi mata kitso, kitson da har yau in ta ga hotunansa sai ta yi dariya har da hawaye.

Duk daren Litinin, daren da kowane gida a cocinsu ke keɓewa don iyali, littafin Verl Mecham, mahaifin Kendall, yake karanta mata, labarin wasu marayu bakwai da suka tura amalanke suka ƙetare hamadar gishiri. Sau huɗu suka karance shi. Da ya daina zuwa coci ma bai hana ta ba. Duk Lahadi zai kai ta har ƙofa, ya zauna a mota yana jira sai an tashi.

Tana da sha huɗu Curtis ya shigo gidan. Shi ya koya mata tuƙi, shi ya raba su da cin taliyar gwangwani.

Sai ga shi bara Verl Mecham ya rubuta a jarida cewa maza biyu ba sa zama iyali, kuma yaron da ya tashi a irin wannan gida maraya ne sau biyu. Da aka sanar za a mayar da littafinsa fim, masu goyon bayan auren jinsi suka ce a ƙaurace masa, kada kowa ya taka ƙofar silima. Rigima ta kaure a jaridu da intanet. Duk wannan Ammon bai ce uffan ba, saboda ƙanwarsa ɗan mutumin za ta aura. Sai da tikitin nan ya zo.

Kendall ya sassauta murya, ya kamo hannunta.

"Masoyiyata, ki duba ni ma. Shekara ashirin Baba yana jiran ranar nan. Kin ga irin wasiƙun da ake aiko masa? Zagi, tsinuwa, har da masu cewa a ƙona littattafansa. Ba shi kaɗai suke zagi ba, addininmu suke yi wa ba'a. Addininki, Janae! Ke da kike koyar da yara duk Lahadi, cikinsu za ki tsaya?"

"Ban zagi kowa ba, ba kuma zan zaga ba. Ƙafata ce, na ce ba za ta shiga ba."

"To kin yarda da abin da yayanki yake yi ke nan?"

Ta daɗe tana kallon hannunsa a kan nata. Tana son wannan hannun, Allah ya sani tana sonsa.

"Na yi addu'a a kan tambayar nan har gwiwoyina sun gaji. Ban samu amsa ba, na bar wa Allah hukuncinsa. Amma yaron da Baba ya ce maraya ne sau biyu... ni ce, Kendall. Ni ce na tashi a gidan. Kuma sau ɗaya na yi maraici."

Kendall ya saki hannunta a hankali, ya ɗauki makullin motarsa.

"Zan ajiye miki kujerar. Ina da yaƙinin za ki zo."

Ranar Asabar da ƙarfe uku na yamma gari ya yi sanyi mai shiga ƙashi, dusar ƙanƙara ta rufe kan duwatsu. Gaban silimar ya cika da motoci, maza cikin farar riga da laktaye, mata da dogayen siket suna jan yara. A ɗaya gefen titin mutum kamar arba'in ne tsaye da kwalaye, 'yan sanda biyu suna kallonsu suna hamma.

Janae ta zo, kamar yadda Kendall ya ce. Sai dai rigar da aka saya mata tana rataye a gida, tsohuwar rigar sanyinta ce a jikinta. Ta ajiye mota, ta tsallaka titi.

Ammon na tsaye can ƙarshen layi, hannuwansa a aljihu, ko kwali bai riƙe ba. Yana hango ta fuskarsa ta canza.

"Ke! Me kike yi a nan?"

"Abin da kake yi, Yaya."

"Maza tsallaka ki koma. Ban kawo miki tikitin nan don ki kashe aurenki ba, na kawo ne ki mayar mata cikin mutunci."

"Ai na mayar."

"Janae, ba na son taurin kai. Yaron nan yana sonki, ni shaida ne. Ki shiga, ki rufe ido awa biyu, ki fito. Ni na saba tsayuwa a waje, ba abin da zai ci ni."

"Shi ne ai. Ka saba."

Ta matso kusa da shi.

"Shekara nawa ka yi kana jirana a mota? Ranar aurena ma za ka tsaya a waje, na haɗiye wannan, don ba ni na kafa dokar ba. Amma wannan ƙofar babu dokar da ta ce in shiga. Ba zan wuce ka a kan titi in je in tafa wa wanda ya ce kai ba iyalina ba ne."

Curtis, wani gajere mai sanƙo da ba ya rabo da barkwanci, ya cire safar hannunsa ya miƙa mata.

"Ungo, 'yar gidana. Ka ƙyale ta Ammon, taurin kan nan a wurin wa ta gada? Ni dai tuƙi da girki kawai na koya mata."

Ammon ya juya fuska yana goge ido da bayan hannu.

Can sai hayaniyar masu kwalaye ta lafa. Wani dogon dattijo mai furfura ne yake tsallako titin yana dogara sanda, Kendall na biye da shi. Verl Mecham ne da kansa. Wani ya fara ihu daga baya, Ammon ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru, aka kuwa yi.

Dattijon ya tsaya gabansu yana numfashi.

"Kai ne Ammon. Matata ta yi kuka jiya, ta ce ta ɓata maka rai ba da niyya ba. Na zo in ba ka haƙuri a madadinta."

"Na gode, Buroda Mecham. Ban riƙe ta ba." Ammon ya dube shi. "Da littafinka na raini yarinyar nan. Na haddace shafuka da yawa a ciki. Shi ya sa da na karanta abin da ka rubuta a jarida, sai na ji kamar ubana ne ya sake tafiya."

Dattijon ya sunkuyar da kai. Ba mugun mutum ba ne, kuma wannan ne ya sa al'amarin ya yi wuyar haɗiya.

"Ɗana, ba na ƙinka, Allah ne shaidata. Amma abin da na rubuta shi na yi imani da shi. In na janye don a shiga kallon fim ɗina, na sayar da addinina ke nan."

"Na sani. Ni ma in na shiga, na sayar da gidana."

Verl ya gyaɗa kai, ya dubi Janae.

"'Yata, kujerarki tana nan."

"Na gode, Baba. A ba wani."

Ya juya ya koma a hankali. Kendall bai bi shi ba, ya ja Janae gefe kusa da wata bishiya da ta zubar da ganye. Idanunsa sun yi ja.

"Kin ga masu ɗaukar hoto kuwa? Gobe a jarida za a ce surukar Mecham ma ta ƙaurace masa! Don Allah Janae, don soyayyarmu... awa biyu ne kawai."

"Yau awa biyu ne. Kirsimeti ma awa biyu ne. Ranar da za a sa wa ɗanmu albarka ma awa biyu ne. Haka zan yi ta rufe ido har in tsufa?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To bari in tambaye ka abu ɗaya, ba na Baba ba, ba na coci ba, na gidanmu ni da kai. Ranar Lahadi in na dafa abinci na kira yayana, kujera nawa za ka jawo? Ɗaya ko biyu?"

Kendall ya waiwaya. Daga ƙofar silimar mahaifiyarsa tana ɗago masa hannu, an fara shiga.

"Ba yanzu ba, Janae..."

"Ba yanzu ba. Je ka, ubanka yana jiranka, kuma ban ga laifinka ba. Ka yi tunani zuwa Litinin. Amma gaskiya nake so, kada ka lallashe ni."

Ya tafi yana waiwaye. Ita kuwa ta koma tsakanin Ammon da Curtis ta tsaya har aka tashi daga fim ɗin, yatsun ƙafarta sun daskare, ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba.

Lahadi ta je coci kamar kullum, ta koyar da yaranta waƙa. Hoton ya fito a jarida. Wasu matan suka gaishe ta sama sama, wasu suka rungume ta fiye da kima, irin rungumar da ake yi wa mara lafiya. Ta amsa wa kowa da fara'a, ta dawo gida ta kasa cin abinci.

Litinin da la'asar, ta dawo daga makarantar da take koyarwa ke nan, ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Kendall ne, riƙe da faranti lulluɓe da tawul.

"Mama ta ce a kawo miki."

Janae ta ɗaga tawul ɗin. Gasasshen dankali da cuku ne, irin wanda matan unguwa ke kaiwa gidan makoki. Baiwar Allah Sista Mecham, ko a nan ma da zuciya ɗaya ta yi. Janae ta ji dariya da kuka sun taho mata tare, ta ajiye farantin ta nuna masa kujera. Bai zauna ba.

"Na yi azumi jiya," ya ce. "Na yi addu'a. Ban yi barcin kirki ba tun ranar Asabar."

"Na gani a fuskarka."

"Ammon yayanki ne, ƙofata a buɗe take gare shi kowace rana. Curtis kuma... ba ni da matsala da shi, mutumin kirki ne. Sai mu riƙa zuwa wurinsu mu biyu. Mu ci abinci a waje, mu yi hira. Amma a teburinmu, a gaban 'ya'yanmu, a matsayin... Janae, ba zan iya ba. Me zan ce wa yaran? In koya musu abu ɗaya da safe a coci, su ga wani da rana a gida?"

"Kujera ɗaya ke nan."

"Kin ce in faɗi gaskiya."

"Na ce. Kuma na gode."

Sai a lokacin hawayen suka zo, suka zo da ƙarfi har ta dafa teburin. Da ƙarya ya yi mata da ta samu abin jin haushi, ta riƙe shi ta ji sauƙi. Amma ga shi tsaye, mutumin da take so tun ranar da ya tsaya a cikin ruwan sama ya canza mata taya, yana kuka kamar yaro, yana gaya mata iyakar inda zai iya kaiwa. Ita ma ta san iyakar tata.

"Ina sonki, Janae. Ban taɓa son wata ba."

"Ni ma ina sonka. Ina jin zan daɗe ina sonka, abin haushin ke nan."

"To mu ɗaga bikin! Wata uku, wata shida... wataƙila zuciyarki ta sauko."

"Ko taka?"

Ya kau da kai.

"Ka gani? Kowa zai zauna yana jiran ɗan'uwansa ya karye. In mun yi auren, wata rana 'yata za ta tambaye ni wa ya koya mini tuƙi, in ce mata wani mutum ne da ba ya shiga gidanmu. Ba zan iya ba, Kendall. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle nawa hannun lafiyarsa ƙalau."

Ta murza zoben. Ya ɗan ƙi fita, sai da ta ja da ƙarfi. Ta kamo tafin hannunsa ta saka masa, ta naɗe yatsunsa a kai, ta riƙe na ɗan lokaci kafin ta saki.

Ya taka zuwa ƙofa, ya tsaya a nan ya kasa fita.

Janae ta share fuska, ta ɗauki waya ta kira ofishin haikalin da aka ba su rana. Wata dattijuwa mai sanyin murya ta ɗauka.

"Sunana Janae Tolman. Akwai ɗaurin aurenmu ranar Asabar ta ƙarshen wata, ƙarfe goma na safe. Tolman da Mecham."

"Bari in duba... ga shi, na gani. Allah ya sa albarka, 'yata! Me za a gyara?"

"Ba za a yi ranar ba."

"Ayya... ba komai, yana faruwa. To ɗagawa za a yi, ko sokewa?"

Janae ta ɗago ta dubi Kendall. Ta ba shi lokaci, ta ba shi har matar ta ce, "Kina jina, 'yata?" Leɓɓansa suka motsa, hawaye na bin gemunsa, amma kalmar ba ta fito ba. Ya sunkuyar da kai.

"Ina jinki, Sista," in ji Janae. "A soke."